Sabunta Hannu a Kan Makami: Inda Bidiyo Zai Tsaya, Inda Hannu Zai Karɓa

Wani saje da na horar tun yana kurtu ya kira ni a watan jiya. Bayan gaisuwa ya ce, "Baba Samanja, an ba ni yara arba'in in sabunta musu hannu kafin mu je mu canji 'yan'uwanmu a daji. Kwana biyu kacal aka ba ni. Na samo bidiyo masu kyau na tura musu a waya. Ko ya wadatar?" Na ce masa bai wadatar ba, kuma na yi masa alkawarin zan zauna in rubuta yadda nake shirya irin wannan rana. Abin da ke ƙasa shi na rubuta masa, na ƙara faɗaɗawa saboda duk wani kofur ko saje da aka ɗora wa wannan nauyi.

Na yi shekara 35 cikin kaki. A Depot na Zariya aka fara ɗora mini bindiga a hannu, na je Laberiya tare da ECOMOG, rundunar kiyaye zaman lafiya ta ƙasashen Yammacin Afirka, na yi kwas a makarantar sojan ƙasa ta Jaji, kuma kusan rabin aikina koyar da makami ne. Ba na ƙin bidiyo. A shekaruna na ƙarshe na yi amfani da shi sosai. Sai dai akwai abin da ya faru a gabana da ya sa na san iyakarsa.

A wani bariki da na zauna, muna da kofur wanda ya shekara goma yana aiki, amma shekara biyu na ƙarshe a ofis ya yi su yana rubutu. Aka sa shi gadin dare. Kafin nan an tura wa kowa bidiyon yadda ake sauke bindiga, shi kuma mutum ne mai himma, ya kalla ya sake kalla. Da asuba ya zo gaban durom ɗin yashi zai sauke. Sai ya ja hannun ɗanawa tun magazin na jikin bindiga, sannan ya cire magazin, sannan ya taɓa kunama. Ƙara ta tashi, harsashi ya nutse cikin yashi. Allah Ya kiyaye, bakin bindigar na inda ya kamata ya kasance. Da hankalinsa ya kwanta na ce ya faɗa mini matakan da baki. Ya jero su daidai, bai tsallake ko ɗaya ba: a fara cire magazin, sannan a buɗe a duba cemba, wato inda harsashi ke zama kafin a harba. Bakinsa ya sani, kansa ya sani. Hannunsa ne ya manta, domin shekara biyu ba a tambaye shi ba.

Tun daga ranar nake gaya wa masu koyarwa cewa gani ba ci ba ne. Bidiyo ba ya ɗora maka nauyin kilo huɗu a damtse. Ba ya sa ka ji taurin makullin sefti na bindigar AK a ɗan yatsa, ko yadda magazin ke ƙin zama idan ba ka saƙala gabansa da kyau ba. Babbar matsalarsa kuwa ita ce kai kana kallonsa, shi ba ya kallonka. Idan yatsanka ya sulale cikin gidan kunama, babu wanda zai daka maka tsawa daga cikin waya. Akwai kuma wata illa da ta fi wannan ɓuya. A 2018 wasu masu bincike biyu na Jami'ar Chicago, Michael Kardas da Ed O'Brien, sun sa mutane kallon bidiyon gwani yana jifan allo da 'yar kibiya, wasu sau ɗaya, wasu sau 20. Waɗanda suka kalla sau 20 sun fi yarda cewa za su iya, amma da aka ba su kibiyar ba su fi sauran ba. Kallo ya ƙara musu yarda da kai, hannu kuwa yana nan yadda yake. A wasan jifa wannan ba ya kashe kowa. A kan bindiga mai harsashi 30, mutumin da ya yarda da kansa alhali hannunsa ya yi sanyi shi ne wanda na fi jin tsoro a sahu.

To ga yadda za ka yi.

Fara da gwaji, kada ka fara da koyarwa

Da safen rana ta farko, kafin ka kunna komai, ka sa kowane soja ya zo gabanka shi kaɗai na minti biyar. Ya karɓi bindiga, ya tabbatar babu harsashi a cikinta, ya loda da harsashin koyo wanda ba shi da albarushi, ya sauke, ya warware ta ya mayar. Kai kuma kada ka ce uffan, sai fa idan bakin bindiga ya juyo wajen mutum. Ka riƙe biro da takarda kana rubuta abin da ka gani.

Wannan gwaji zai raba maka mutanenka gida uku ba tare da ka sha wahala ba: waɗanda hannunsu ke da zafi, waɗanda suka sani amma suna tsayawa tunani, da waɗanda suka rikice. Ka sa ido musamman a kan direbobi, masu dafa abinci, akawu, ma'aikatan jinya, da wanda ya dawo daga dogon hutu ko jinya. Kada igiyar da ke hannun riga ta ruɗe ka. Na sha ganin ƙaramin soja ɗan shekara biyu a aiki ya fi saje tsafta wajen sauke bindiga, saboda shi kullum yana kan gadi. Gwajin yana da wani amfani kuma: wanda ya zo yana ganin ɓata masa lokaci ake yi, da zarar hannunsa ya yi masa gardama a gabanka, sauran ranar zai saurare ka da kunne biyu.

Zaɓen bidiyo

Kada ka tura wa yaranka bidiyon da kai ba ka zauna ka kalla daga farko har ƙarshe ba, da littafin koyarwa na runduna a buɗe a gefenka. Intanet cike take da masu nuna gwaninta, da yawansu fararen hula ne masu harbin nishaɗi, kuma tsarinsu ya saɓa da namu a wurare da yawa. Idan mataki ɗaya ya bambanta da abin da littafi ya ce, ka ajiye bidiyon. Soja da ke ɗauke da tsari biyu a kansa zai gauraya su ranar da ya firgita.

Bindigar da ke cikin bidiyon ta zama irin wadda ke ɗakin makamanku. Bindigar AK da ta FN ba ɗaya ba ne: wurin sefti daban, wurin hannun ɗanawa daban, magazin ɗin wannan na cin 30, na wancan 20, harsashinsu ma ba ya shiga na juna duk da cewa dukansu ana ce musu 7.62. Bindiga mai jigida kuwa ginin cikinta daban ne gaba ɗaya, kuma hanyar tabbatar da ita babu harsashi ba irin ta ƙaramar bindiga ba ce. Wannan darasi ne mai zaman kansa, kada ka cusa shi cikin na sauran.

Bidiyon ya zama gajere, minti uku zuwa huɗu, abu ɗaya yake koyarwa. Na fi son wanda aka ɗauka daga bayan kafaɗar mai nunawa, domin idan yana fuskantar kyamara damansa na zama hagun mai kallo, kuma wannan kaɗai ya isa ya rikita mutum. Idan Turancin ciki ya yi wa yaranka sauri, ka kashe murya ka yi bayani da bakinka cikin harshen da suke ji. Ba sabon abu ba ne: a zamanin rundunar Yammacin Afirka ta Turawan mulki, Hausa ce harshen bariki a Najeriya, da ita kakanninmu suka koyi bindiga. Yau a sahu ɗaya za ka samu mai jin Hausa, mai jin Buroka, mai jin Turanci. Ka yi da duk wanda zai shiga.

Ka tura musu da daddare kafin ranar. Aikinsa a nan shi ne ya tayar da abin da ya kwanta a ƙwaƙwalwa, domin da safe kada ka ɓata awa guda kana tuna musu sunayen sassa.

Ranar aiki da hannu

Kafin kowa ya zauna, ka raba wurin da harsashi mai rai. Wannan ba a wakilta shi. Kai da kanka za ka duba kowace bindiga, kowane magazin, kowace jaka, har aljihun riga da na wando, sannan ka sa wani ya duba naka. Harsashin koyo ka ƙirga shi a gaban kowa kafin a fara, ka sake ƙirgawa bayan an gama. Mutanen da suka dawo daga daji su ne aka fi samun harsashi ɗaya ya maƙale a ƙasan jakarsu, ba da mugun nufi ba, mantuwa ce kawai. Ka zaɓi gefe ɗaya, bango mai kauri ko tudun ƙasa, ka ce nan kowane bakin bindiga zai duba har a tashi.

Idan za ka sake nuna bidiyon a aji, kowa ya kasance bindigarsa na hannunsa. Ka kunna mataki ɗaya, ka tsayar, su yi, ka zagaya ka duba, sannan ka ci gaba. Sojojin Amurka sun gano amfanin haka tun a Yaƙin Duniya na Biyu, lokacin da suka dogara ƙwarai da fina-finan koyarwa saboda miliyoyin kuratan da suka ɗiba. Masu bincikensu, ƙarƙashin Carl Hovland, sun gwada koyar da haruffan da ake kira a rediyo ta hanyar hotunan majigi. Sojojin da aka sa suna amsawa da baki yayin darasin sun fi riƙewa a kan waɗanda suka zauna shiru suna kallo. Idan haruffa ma sai an motsa baki, ina ga abin da yatsu goma za su yi.

Tsarin da muka gada daga sojan Ingila har yanzu ban ga wanda ya fi shi ba: ka yi bayani, ka nuna, su kwaikwaye ka mataki mataki, sannan su maimaita har ya zauna. Bidiyo na iya ɗauke maka biyun farko, ya kuma yi su da kyau, tunda yana iya nuna cikin bindiga yadda iskar albarushi ke tura ƙarfe baya, abin da ni da alli da allo na sha wahalar zanawa. Biyun ƙarshe kuwa babu mai yi sai soja da hannunsa. A lissafina, idan awa shida gare ka, kallo kada ya wuce minti talatin zuwa arba'in gaba ɗaya.

Mutum arba'in sun yi wa malami ɗaya yawa. Idona bai taɓa iya tsare fiye da mutum takwas a lokaci guda ba. Ka ɗauko waɗanda suka yi fice a gwajin safe ka mai da su mataimaka, sauran ka haɗa su biyu biyu: ɗaya na yi, ɗaya na tsaye a kansa yana duban yatsa da bakin bindiga, sannan su yi musaya. Mai dubawa ma koyo yake yi, wani lokaci har ya fi mai yi.

Jerin abin da za a maimaita ba shi da yawa, kuma tsaro ne a gaba: karɓar bindiga da miƙa ta, tabbatar da ita babu harsashi, lodawa da saukewa. Kada ka matsa daga nan sai kowa ya yi sau da yawa a jere babu kuskure. Sai abin da za a yi idan bindiga ta cije. Nan ne bidiyo ya fi gazawa, domin a cikinsa soja ya san cijewar na zuwa. Kai kuwa ka riƙa kiran ta ba zato, a tsakiyar wani abu daban, ka ga ko hannu zai tafi da kansa ko sai ya tsaya neman shawara wurin kai.

Sai warwarewa da gogewa, wanda yara suka fi rainawa. Nakan ba su labarin bindigar M16 a yaƙin Biyetnam. Da aka raba wa sojojin Amurka ita a tsakiyar shekarun 1960, magana ta bazu cewa ba ta buƙatar goge-goge, kayan gogewa ba su wadata ba, ga shi an canza irin albarushin da ke cikin harsashin. Bindigogi suka riƙa cijewa a tsakiyar faɗa, mutane suka mutu, har majalisar dokokinsu ta kafa kwamitin bincike a 1967. Mu a nan ƙasarmu ce ke koya mana. Da hunturu a Arewa maso Gabas, idan ka cika wa bindiga mai, ƙura za ta haɗu da shi ta zama kamar ƙullu. Da damina kuma kwana biyu ya isa tsatsa ta fito. Yawan man da ya dace, da yatsa ake gane shi. Ka sa kowa ya shafa ya ji. Magazin ma a warware shi a goge, domin sau da yawa laifin da ake ɗora wa bindiga nasa ne.

Bayan azahar, idan hannu ya fara zafi, ka ƙara nauyi. Su sa cikakkun kaya da hular kwano da rigar sulke. Su yi a durƙushe, su yi a kwance. Su zagaya fili da gudu su dawo suna haki, sannan su loda su sauke. Da magariba su yi cikin duhu babu tocila. Ka fara da neman daidai, sauri ya biyo baya. Wanda ka sa wa agogo tun bai daidaita ba, kuskurensa ne zai yi sauri.

Kuskure kuwa a gyara shi nan take, kafin a maimaita shi sau uku ya zama ɗabi'a. Ka tsayar da mutum, ka nuna masa, ya sake daga farko. Tsawa tana da wuri ɗaya a wurina: bakin bindiga ya juyo kan mutum, ko yatsa ya shiga gidan kunama ba a ba da umarni ba. Ban da wannan, murya ƙasa. Duka da zagi ba sa koyar da makami. Yaron da ke tsoron malaminsa idonsa na kan malamin, hannunsa na rawa. Manyan da suka girme ka a aiki kuma ka ware su gefe, ka gyara musu cikin girmamawa, "Oga, a sake mini wannan." Idan ka kunyata saje a gaban yaransa, ka rasa shi har ƙarshen kwas.

Akwai wata hanya da waya ta fi yi mini amfani fiye da duk bidiyon da na taɓa saukewa: ka juya kyamarar kan sojan. Ka ɗauki hannayensa kawai na daƙiƙa talatin yana saukewa, ka nuna masa. Mutum zai rantse maka yatsansa bai taɓa kunama ba, sai ya gani da idonsa ya yi shiru. Ka nemi izinin kwamanda kafin ka yi haka, kada fuska ko wani sashe na bariki ya fito, kuma ka goge a gabansa da an gama. Irin wannan hoto ba na WhatsApp ba ne, ba na TikTok ba ne.

Filin harbi

Rana ta biyu, wanda bai ci gwajin sarrafa makami ba kada ya taka filin harbi da harsashi mai rai. Haka dokar take a sojan Ingila, kuma doka ce mai kyau. Ka sake gwajin jiya da safe, ka kwatanta da abin da ka rubuta.

Na san harsashin atisaye ba kullum yake wadata ba. Saboda haka kada a ƙona shi wajen koyon abin da za a iya koya babu shi. Riƙo, numfashi, da matsa kunama a hankali duk ana yinsu da bindiga wadda babu komai a ciki. Tsohuwar dabara ita ce a ɗora kwabo a kan bututu kusa da baki, soja na kwance ya matsa kunama. Idan kwabon ya faɗi, fizga ya yi. Inda akwai na'urar kwaikwayon harbi mai allo, a yi amfani da ita, ta fi kallo nesa ba kusa ba tunda bindiga na hannu kuma tana nuna inda saiti ya karkata. Duk da haka ba ta da ƙarar gaske, ba ta da zafin bututu. Harsashin da aka samu a fara kashe shi wajen daidaita saiti, kowane soja da bindigar da zai tafi da ita, ba ta aro ba. A toshe kunne. Da yawa daga cikin tsararrakina yau sai an ɗaga murya suke ji.

Bayan kwana biyun

Abin da aka gina a kwana biyu zai fara zubewa cikin 'yan makonni idan aka bar shi. A 1978 Alan Baddeley da abokin aikinsa sun buga sakamakon gwajin da suka yi da ma'aikatan gidan waya na Ingila masu koyon buga na'ura: waɗanda suka riƙa yin awa ɗaya a rana sun ƙware cikin awoyi kaɗan fiye da waɗanda aka tara wa awa huɗu a rana. Haka na gani a makami. Minti goma sha biyar sau uku a mako, bayan faretin safe ko kafin a hau gadi, ya fi yini guda cur sau ɗaya a wata shida. A daji ma ana iya yi, kowane kofur da mutanensa, muddin an bi ƙa'idar raba wuri da harsashi mai rai. A nan bidiyo zai sake amfani: wanda ya yi shakkar wani mataki ya duba, sannan ya je wurin kofur ɗinsa ya yi a gabansa.

Sai maganar rajista. Za a kawo maka takarda ka sa hannu cewa mutum arba'in sun sabunta horo. Kada ka rubuta sunan kowa don ya halarta ko don ya ce ya kalla. Gaban kowane suna ka rubuta abin da ya yi a gabanka, da ranar, da ko ya ci ko bai ci ba. Idan mutum uku ko huɗu suka kasa har yammacin rana ta biyu, ka je wurin kwamanda da sunayensu ka ce, "Oga, waɗannan ina neman ƙarin awa uku da su kafin mota ta tashi." Idan lokaci bai ba da dama ba, ka sanar da kofur ɗin da za su zauna ƙarƙashinsa, suna da suna, da matakin da kowannensu ke tuntuɓe a kai, domin ya tsaya a kansu duk lokacin da za su loda ko za su sauke har hannunsu ya dawo.